Yadda Malamar Jinya Za Ta Koyar A Saudiyya Ba Tare Da Ta Yi Tuntuɓe Ba

Malamar jinya Bahaushiya da ta samu aikin koyarwa a Saudiyya takan hau jirgi a Kano da wata kwanciyar hankali wadda takwararta mai tafiya Ingila ba ta da ita, domin a ganinta ƙasar Musulmi za ta je, inda za ta riƙa jin kiran salla daga tagar ofishinta, ta sa hijabinta babu mai kallonta, ta ci nama ba tare da ta tambayi wanda ya yanka ba. Duk wannan gaskiya ne, amma a cikinsa tarkon yake. Wadda ta sauka a Landan ta san baƙuwa ce, saboda haka takan buɗe ido ta yi tambaya kafin ta ɗaga ƙafa. Wadda ta sauka a Jidda kuwa sai ta ɗauka gida ta zo, ta ci gaba da koyarwa yadda ta saba a Kano ko Sakkwato, ba za ta farga cewa kama da wane ba ta wane ba sai ranar da aka kira ta ofishin shugabar sashe a kan wata magana da ta faɗa a aji, wadda ita ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Na yi shekaru ina koyarwa a wata kwalejin jinya ta mata a yankin Hijaz, kuma abin da zan kawo a nan shi ne tsarin da zan bi da a ce yau zan fara. Da mace nake magana, tun da mu ne mafi yawa a wannan sana'a, amma malami namiji zai tsinci nasa a ciki.

Takardu da kwantiragi

Mataki na farko shi ne ki auna takardunki da abin da ake nema, kuma ki fara wannan aƙalla wata shida kafin lokacin da kike son tashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'o'in ƙasar suna ɗaukar mai digiri na biyu a matsayin muhadira, wato lakcara, mai digirin digirgir kuma a matsayin ustaza musa'ida, wato mataimakiyar farfesa. Wadda take da shaidar makarantar jinya ta shekara uku kaɗai, komai gogewarta, aikin gefen gado za a ba ta, ba aji ba. Galibi kuma suna son digirin da aka yi a zaune gaban malami, don haka wadda ta yi nata ta intanet ta tambaya tun kafin ta kashe kuɗi.

Tun da koyar da jinya ba ya tsayawa a aji, dole ki shiga asibiti da ɗalibai, kuma ba za ki taɓa majinyaci ba sai kina da rajista da Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1992, ma'aikatan lafiya kuma suke kiranta Hai'a a taƙaice. Hanyar ita ce ki miƙa takardunki ga kamfanin DataFlow, shi kuma ya rubuta wa kowace makaranta da kika yi, da hukumar jinya da ungozoma ta Nijeriya, da wuraren da kika yi aiki, ya tabbatar daga bakinsu cewa takardun na gaskiya ne. Daga nan ki buɗe shafi a Mumaris Plus, dandalin rajista na Hai'a a intanet, a tantance matakinki, idan an buƙaci jarrabawa ki rubuta ta a cibiyar kamfanin shirya jarrabawa na Prometric. A nan ga dabara guda: jinkirin ba daga can yake zuwa ba, daga gida ne. Ki taka da ƙafarki zuwa ofishin magatakardar tsohuwar makarantarki, ki sanar da su cewa wasiƙa tana tafe ta imel, ki karɓi lambar wanda zai amsa ta, in ba haka ba saƙon zai yi wata uku babu wanda ya buɗe shi. Ki duba sunanki a kowace takarda harafi bayan harafi. Idan shaidar digiri ta ce Aishatu, lasisi ya ce Aisha, fasfo ya ce A'isha, to ki yi takardar rantsuwa a kotu tun yanzu. Haka ranar haihuwa. Bayan wannan sai buga hatimi a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Saudiyya, da gwajin lafiya a asibitin da suka amince da shi, da katin rigakafin shawara.

Duk dillalin da ya ce ki shiga da bizar umara ko ta ziyara, daga baya a juya miki ita ta koma ta aiki, ki rabu da shi. Aikin koyarwa na gaskiya da bizar aiki yake zuwa, mai ɗauke da sunan makarantar da ta ɗauke ki.

Mataki na biyu shi ne karanta kwantiragi, kuma ki samu wanda ya iya Larabci sosai ya karanta miki ɓangaren Larabcin, domin shi ne abin dogaro idan saɓani ya taso. Jami'o'in gwamnati suna da nasu ƙa'idojin ɗaukar baƙi, inda nauyin lakcara yake awa 16 na koyarwa a mako, ustaza musa'ida 14, farfesa 10. Kwalejojin kuɗi kuwa suna ƙarƙashin dokar ƙwadago, ana tabbatar da kwantiraginsu a shafin Qiwa na ma'aikatar ƙwadago, kuma a irin waɗannan kwalejoji ne ya kamata ki tambaya a fili yadda ake ƙirga awannin asibiti, saboda yini guda a gefen gado yana iya cinye ƙarfin lacca huɗu amma a rubuta miki shi a matsayin kaɗan. Ki tabbatar an ambaci gida ko kuɗin haya, da tikitin zuwa gida duk shekara, da tsawon hutu. Ba a cire harajin albashi, kuma Riyal 3.75 ne Dala ɗaya tun 1986, amma akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kan sayayya, sannan akwai kuɗin da ake biya na Riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da baƙo ya kawo cikin iyalinsa. Ki tambaya ko wannan ya shafi irin aikinki kafin ki yi wa maigida da yara alkawarin biyo ki.

Game da shirya kaya, magana ɗaya ce mai nauyi: kada ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ƙullin yaji ne, domin hukuncin safarar ƙwaya a ƙasar kisa ne, kuma an zartar da shi a kan 'yan Nijeriya. Goro ma ki bar shi a gida. Idan kina shan wani magani, ki taho da takardar likita.

Makonnin farko

Idan kin sauka, abin da za ki sa a gaba shi ne igama, wato katin izinin zama a ƙasar, wadda wajibi ne wurin aikinki ya fitar miki cikin kwana 90. Ba tare da ita ba ba za ki buɗe asusun banki ba, kuma da ita za ki yi rajista a manhajar gwamnati ta Absher, inda bizar fita da dawowa take bayyana. Fasfonki a hannunki zai zauna, doka ba ta ba wa kowa damar riƙe shi ba. Makon aiki yana farawa Lahadi ya ƙare Alhamis, tun da aka mayar da hutu Juma'a da Asabar a 2013. Ki lura da kwanan wata a kan kowace takarda, ko na Hijira ne ko na Miladiyya, domin shekarar Hijira ta gaza da kimanin kwana 11, kuma mutum yana iya ɗauka yana da sauran lokaci alhali takardarsa ta riga ta mutu.

Shawarata ita ce ki roƙi shugabar sashe ta bar ki ki zauna a bayan ajin wasu malamai biyu ko uku kafin ki tsaya a gaban naki. Za ki tarar abokan aikinki Misirawa ne da 'yan Jodan da Sudan da Indiya da Filifin, tare da 'yan ƙasa waɗanda yawansu yake ƙaruwa kowace shekara. Ki kalli yadda suke shiga, da yadda ake kiransu, da abin da suke yi idan ɗaliba ta makara. Ki kuma nemi takardar bayanin kwas, domin a can ba malama ce take zaɓar abin da za ta koyar yadda ta ga dama ba: kowane kwas yana da rubutaccen tsari na abin da ake so ɗaliba ta iya, da makin kowane gwaji, kuma a ƙarshen zango za ki rubuta rahoto ki haɗa da samfurin takardun jarrabawa, saboda hukumar tantance ingancin jami'o'i tana dubawa. Wannan aikin takarda yana da gajiyarwa, amma shi ne garkuwarki, kamar yadda za ki gani.

A cikin aji

Karatun digirin jinya shekara huɗu ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki da suke kira imtiyaz, sannan jarrabawar lasisi ta ƙasa. Dukkan karatun da Turanci ake yin sa, alhali ɗalibar da ke gabanki ta yi firamare da sakandare da Larabci. Wannan shi ne babban abin da zai sauya koyarwarki. Ɗalibar Kano takan sha wahalar kayan aiki amma tana bin lacca. Ta Jidda tana da ɗakin gwaji mai mutum-mutumin da yake numfashi yana tari, amma idan kika yi minti goma kina zuba Turanci irin namu, za ta riƙa gyaɗa kai cikin ladabi ba tare da ta kama rabin abin da kika ce ba. Kuma kada ki ɗora laifin duka a kanta. Mu Hausawa mukan mayar da harafin P ya koma F, su kuma Larabawa su mayar da shi B, har na taɓa shafe mako guda ina cewa "fals" suna cewa "bals", dukkanmu muna nufin bugun jini, kowa kuma yana ganin ɗan'uwansa ne bai iya ba. Maganin abin shi ne ki rage gudu, ki rubuta kowace sabuwar kalma a allo, ki ɗora darasin a Blackboard, shafin intanet da ake ɗora wa ɗalibai darussa, kwana biyu kafin lacca, kuma ki daina tambayar "kun gane?", domin amsarta kullum e ce. Maimakon haka ki ce wata ta taso ta nuna a jikin mutum-mutumi. Idan abu ya cije, ki ba su minti biyu su yi wa juna bayani da Larabci, sannan ɗaya ta maimaita miki da Turanci. Ban taɓa ganin wannan ya rage wa kowa Turanci ba, amma na ga ya ceci darussa da yawa.

Sai maganar gyara. A makarantun jinya na gida mun taso a hannun malaman da suke tsawa, a tsayar da ɗaliba gaban 'yan ajinta a wanke ta tas, mu kuma muka ɗauki hakan a matsayin horo. Ki ajiye wannan a filin jirgin Kano. A zangona na farko wata ɗaliba ta mayar da murfin allura bayan ta yi amfani da ita, na ɗaga murya gaban ƙawayenta na ce da a asibiti ne da ta soke kanta. Gyaran daidai ne, amma yarinyar ba ta dawo aji ba sai bayan kwana uku, kuma kafin ta dawo maganar ta riga ta kai sama. Kunyatar da mutum a bainar jama'a abu ne mai girma a wurinsu, ba ita kaɗai yake taɓawa ba har da sunan gidansu. Abin da na koya shi ne in tsayar da kuskuren nan take da murya ƙasa-ƙasa idan yana da haɗari, sauran bayanin kuma in kira ta ofis mu biyu. Ba a rage tsanani a kan ƙa'ida ba, wurin faɗarta kawai aka sauya. Haka kuma zolaya irin tamu ta wasan Kanawa da Zagezagi ba ta da gurbi a nan: kada ki yi raha a kan ƙabila ko yanki ko mazhaba, siyasar ƙasar kuwa ko kusa da ita kada ki je, a aji ko a waya.

Maki shi ne fagen da za ki fi shan matsi. A gida wadda ta ci 70 ta yi zarra, 50 kuma ta haye. A galibin jami'o'in Saudiyya 60 ne makin tsira, kuma sai an kai 95 ake samun mafi ƙololuwar daraja, saboda haka idan kika ba ɗaliba 72 kina ganin kin yaba mata, ita kuka za ta yi. Ki gyara ma'auninki tun kafin gwajin farko, ki rubuta abin da kowane maki yake nufi, ki raba musu a makon farko. Akwai kuma ƙa'idar hirman: ɗalibar da ta rasa fiye da kashi 25 cikin ɗari na darussa ba za ta shiga jarrabawar ƙarshe ba. Ki riƙa ɗaukar sunaye kowace rana ba fashi, ki sanar da wadda ta kusa iyaka a rubuce. Ƙarshen zango za su cika ofishinki, ana "Ustaza, maki ɗaya kawai", wata da hawaye, wata da labarin mahaifiyarta ba lafiya, wani lokaci kuma kira ya zo daga wani mai faɗa a ji, abin da suke kira wasɗa, mu kuma muka sani da hanya ko alfarma. Kada ki yi faɗa kuma kada ki ce "ba zan yi ba". Ki ba ta kujera, ki tambayi jikin mahaifiyar, ki buɗe takardarta ku bi ta tare, sannan ki nuna mata rubutacciyar ƙa'idar ki ce nizami, wato doka, shi ne ya ɗaure hannunki. Kalmar nizam tana da kwarjini a wurinsu, tana ba ki damar ƙin abu ba tare da kin ci fuskar kowa ba. Kyauta kuwa, turare ko cakulan, idan ta zo kafin fitar sakamako ki mayar cikin lallashi, ko ki ajiye a tebur kowa ya ci.

Wani abin da ya kamata ki sani shi ne, da yawa daga cikin ɗalibanki sai da suka yi gwagwarmaya a gida kafin a bar su su karanta jinya, saboda aikin dare da cuɗanya da maza, wasu kuma likitanci suka nema makinsu bai kai ba. Sana'ar ba ta daɗe a ƙasar ba: a 1958 aka buɗe makarantar lafiya ta farko a Riyad, ta maza, na mata suka biyo baya a 1961, digiri kuma ya fara a Jami'ar Sarki Sa'ud a 1976. A laccata ta farko kowace shekara nakan ba su labarin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa hemarta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kai Sa'adu bin Mu'azu can bayan an harbe shi a yaƙin Handak. Sun san labarin, amma jin sa daga bakin baƙar fata da ta taso daga Afirka ta Yamma yana sa su gyara zama. Wannan wuri ne da addinin da muka haɗa yake yi miki aiki, kuma malamar Filifin ba ta da wannan makami.

A gefen gado

Kafin ki kai ɗalibai asibiti, ki je ke kaɗai ki gaisa da shugabar ma'aikatan ɗakin, wadda sau da yawa 'yar Filifin ce ko 'yar Kerala ta Indiya, ki tambaye ta dokokinta, ki nuna mata cewa ɗalibanki taimako za su yi ba cunkoso ba. Ita ce za ta yanke ko yaranki za su taɓa aiki ko za su wuni a tsaye a jikin bango.

Daga nan ki koyi Larabcin gado, wanda ba shi ne na Islamiyya ba. Kalmomi hamsin sun isa farawa, kuma wasunsu za su ba ki dariya. Ranar da wata ɗaliba ta rugo ta ce mini majinyaciyar gado na huɗu tana da "harara", sai da na juya in ga wa take harara, ashe zazzaɓi ake nufi. Dawa a wurinsu magani ne, ba hatsi ba. Ibra ita ce allura, daga can ma muka aro tamu. Alam ciwo ne, dagɗ hawan jini, sukkar ciwon suga. Ki kira babbar mace da Ummu wane, babban namiji da Abu wane ko ya ammi, ki shiga da sallama ki ce salamtak, ki fita da "Allah ya'aɗikal afiya". Ki kula da lambobinsu: biyar tana kama da sifilinmu, sifili ɗigo ne kawai, shida kuma tana kama da bakwai. Rubutun asibiti da lambobin Turanci ake yi, amma majinyaci zai kawo miki littafin da yake rubuta awon sugansa a gida da na Larabci.

Cututtukan da za ki gina misalanki a kansu su ma sun sauya. Zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne abincinmu na kullum, ba kasafai za ki gan shi ba sai a kudu wajen Jazan ko a jikin matafiyi. Abin da ya cika gadaje shi ne ciwon suga da ƙiba da ciwon zuciya da ƙoda da haɗarin mota. Akwai zazzaɓin dengi a Jidda da Makka, akwai zazzaɓin da ake ɗauka daga ɗanyen nonon raƙumi da awaki, akwai cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a ƙasar a 2012, sannan bugun zafin rana a lokacin aikin Hajji. Sikila kuwa tana nan a Gabas da Jazan, har gwamnati ta wajabta gwajin jini kafin aure tun 2004, kuma a wannan fanni ke ce gwana, domin kin ga abin da yawancin abokan aikinki a littafi kawai suka karanta. Haka idan kika ga tabon ƙaho ko na lalas a jikin tsoho, ko kwalbar zamzam da habbatus sauda a gefen gado, ba za ki firgita ba. Ki koya wa ɗalibai su tambaya cikin girmamawa me aka sha a gida, su rubuta, su sanar da likita.

Abin da kika fi su da shi kada ki raina shi. Yaran nan sun taso da injin da yake ƙirga ƙarin ruwa da kansa, kuma idan ya yi ƙara sai su tsaya suna kallonsa. Ki sa su lissafa da hannu: ruwa mililita 1000 cikin awa 8, da layin da yake ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ɗigo 42 ke nan a minti. Ki sa su ji bugun jini da yatsa kafin su kalli allon na'ura. Amma kada ki riƙa cewa "a ƙasarmu ba mu da kaza", domin tausayi za ki jawo wa kanki ba girma ba. A ɗaya ɓangaren, ke ma ɗaliba ce a wajen rubuta bayanan majinyaci a kwamfuta, kuma babu kunya ki ce wata nas ta nuna miki.

Akwai bambanci guda da ya ba ni wahala. A gida ɗan'uwan da yake zaman jinya shi yake sayo magani, ya wanke majinyaci, ya zubar da fo. A can ɗan rakiya, wanda suke kira murafik, zama yake yi yana lura, aikin jiki duka na nas ne, kuma wasu ɗalibai da suka taso da 'yan aiki a gida suna ƙyamar wankan majinyaci da gyaran gado. Wa'azi ba ya maganin wannan. Ki naɗe hannun riga ki fara yi da kanki suna kallo, sannan ki sa shi cikin abin da ake ba wa maki. Ɗaliba mace kuma tana iya jin nauyin taɓa namiji, majinyaciya tana iya ƙin a yaye mata mayafi, dangi suna iya roƙon kada a faɗa wa tsohonsu yana da ciwon daji. Duk waɗannan mun san irinsu, sai dai kada ki warware su da ra'ayinki: ki bi rubutacciyar dokar asibitin, ki ja labule, ki nemi izini kafin taɓawa, abin da ya shafi bayyana cuta kuma ki bar wa likita. Hoto a cikin asibiti ko aji haramun ne gare ki, ko da ɗaliban ne suka nema, domin dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai Riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya.

'Yan'uwanmu na can

Za ki buɗe rajistar aji ki ga suna ya ƙare da Hausawi ko Fallata ko Barnawi, zuciyarki ta yi sanyi. Waɗannan jikokin alhazan da suka keta Chadi da Sudan ne a ƙafa da bayan jaki, suka tsallaka Bahar Maliya suka zauna, kuma da yawansu 'yan ƙasa ne cikakku, har ɗaya daga cikinsu, Usama Hausawi, ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar duniya ta 2018. Kada ki yi wa irin wannan ɗaliba Hausa a gaban aji. Wata ba ta ji ko kaɗan, wata tana ji amma ba ta so a nuna ta da yatsa a matsayin daban, kuma kalmar Takari da muke faɗa da wasa a gida tana iya zama zagi a kunnenta. Ki bari ita ta fara. Wata ɗalibata sai da muka yi zango biyu, ranar da ta zo karɓar sakamako, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a hankali, "Malama, kakata ta ce a gaishe ki, ta ce yaushe za ki zo ki ci tuwo." Na je, amma sai bayan da ta gama kwas ɗina, domin ko alamar fifiko ba na so a gani.

A wajen makaranta kuwa ki nemi mutanenmu. A Makka, wajen Sharamansur da Misfala, da wasu unguwannin kudancin Jidda, za ki samu daddawa da kuka da fura da tsire, wanda har Larabawan Hijaz sun karɓe shi da sunan sairiya. Sai dai ki tuna cewa a cikinsu akwai marasa igama, kuma ba su masauki ko aiki laifi ne da zai iya cinye naki zaman. Za su zo miki da rashin lafiya da zarar sun ji ke nas ce. Ki ba da shawara, ki nuna hanyar asibiti, amma kada ki yi allura a gida.

Azumi, Hajji da tafiya gida

A watan azumi ana rage awannin aiki, gari yana raya dare ya kwana da safe, saboda haka ki tura darussa masu nauyi da gwaje-gwajen hannu su faɗo kafin watan ya kama. Zamanki a ƙasar bai ba ki damar yin Hajji haka kawai ba, sai da tasrihi, wato takardar izini, ta manhajar Nusuk, kuma wanda aka kama babu shi tara ce da kora. Umara da ziyara kuwa sun yi sauƙi tun da jirgin ƙasa na Haramaini ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Jidda da Madina.

Ki riƙe a ranki cewa kwantiragin baƙo na ɗan lokaci ne, kuma manufar ƙasar a fili take, wato 'yan ƙasa su karɓi waɗannan kujeru, ƙila ma ɗalibar da kike koya wa awon jini yau ita ce za ta gaje ki. Saboda haka kada ki bari lasisinki na gida ya mutu, kuma ki riƙa adana kwafin jadawalin koyarwarki na kowane zango. Idan lokacin tafiya ya yi, a ƙarƙashin dokar ƙwadago kina da haƙƙin sallama na rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da cikakken wata a kan kowace shekara bayan haka, kodayake yana raguwa idan ke kika ajiye aiki. Ki biya duk wata tarar mota da kuɗin waya da bashin banki, domin suna iya tsayar da bizar fita ta ƙarshe. Ki karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi daga kwalejin, da shaidar kyakkyawan hali daga Hai'a, tun igamarki tana raye kuma lambar wayarki ta can tana aiki, saboda ta wannan lambar ake turo saƙon shiga duk shafukan, kuma da zarar kin sauka a Kano layin ya mutu, takardar da za ki samu cikin kwana biyu a Jidda sai ta zama aikin wata da watanni.